Ku Tambayi Mama: Wa'azi Ko Buhun Masara?

Salama a gareku masu karatu. Wannan watan kamar kun haɗa baki ne, saƙonnin da suka shigo kusan duk magana ɗaya suke, wato yaya Kirista zaiyi da maƙwabcinsa mai yunwa ko mai ciwo ko wanda duniya ta yiwa zafi. Na tsinci guda biyar. Masu tambayar aure kuyi haƙuri sai wata mai zuwa, ban manta daku ba. Sunaye kuma na cire kamar kullum.

TAMBAYA: Mama sannu da aiki. Ni sakataren matasa ne a wata ƙaramar ikilisiya a ƙauye, yankin Zariya. Rigima ce ta tashi mana a komiti. Godiyar kaka ta bana mun samu hatsi kusan buhu 20 harda ɗan kuɗi, mu matasa mukace a gyara fanfon burtsatse na bakin kasuwa da ya lalace tun bara sannan a ajiye hatsin saboda damina, su Baba Fasto da dattawa sukace a'a sayarwa za'ayi a sa tayil a majami'a a ƙaro sifika, wai aikin ikilisiya ceton rayuka ne, mu ba gwamnati bane. Har wani dattijo yace mun fara kawo bisharar ciki. Mama waye keda gaskiya? Wasunmu har sunce zasu daina bada baiko.

AMSA: Ɗana bari in fara da ta ƙarshen, maganar daina baiko ku ajiyeta gefe, ai ba Baba Fasto kuke baiwa ba. Kuma in kuka shiga zaman komiti kuna hura hanci wai ku kuka san daidai, toh ko gaskiyar ce a hannunku haka zaku fito da abarku ba wanda ya karɓa. Ni matar fasto ce shekara talatin da ɗoriya, nasan abinda ke cin dattawan nan a rai. Sunga ikilisiyoyin da suka koma wurin rabon kaya, ranar da shinkafa ta ƙare benci ya zama wayam. Tsoronsu ba na banza bane.

Amma wannan raba rai da jiki da akeyi kamar ana ɓare gyaɗa, ni dai bansan inda aka samo shi ba. Nayi aikin nas da ungozoma har nayi ritaya, nayi zaman benci na zumuntar mata har gwiwa ta fara ƙara, ban taɓa ganin rai yazo sujada ranar Lahadi ya bar cikinsa a gida ba. Matar da yaranta suka kwana da ruwan zafi da ɗan kanzo tana jin wa'azin ka, amma rabin kunnenta na wurin tukunya. Hausawa sunce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ka buɗe Markus sura 6, Yesu ya wuni yana koyar da taro, yamma tayi almajirai sukace a sallamesu suje su nemi abinci da kansu, wato irin shawarar komitinku kenan, mun gama namu na ruhaniya sauran nasu ne. Me yace musu? Ku ku basu abinci. Yakubu kuma a sura 2 bai ɓoye ba, yace in ɗan'uwa na tsirara ba abinci kace masa ya sauka lafiya yaji ɗumi ya ƙoshi baka bashi komai ba, me ka tsinana?

Kuma ka tuna wa su Baba, cikin ladabi fa, ta wace ƙofa bishara ta shigo ƙasar nan. Ku da kuke yankin Zariya ga Wusasa nan kusa daku, tun da mishan na su Likita Mila suka fita daga cikin birni suka koma can a 1929, majami'a da makaranta da asibiti tare suka tashi, ba'a ce bari a gama ɗaya tukuna ba. Garkida ta jihar Adamawa a 1923 ƙarƙashin tsamiya aka fara sujada, ba'a daɗe ba ga makaranta ga asibiti ga wurin kula da kutare, a lokacin da ɗan'uwan kuturu na jini ma gudunsa yake. Asibitin ido na ECWA a Kano tun 1943 yake, har yau in tsoho ya samu yanar ido a ƙauye zakaji ance a kaishi Kano wurin mishan. Asibitin Galmi a Nijar tun 1950, har daga wannan gefen iyakar mutane ke tsallakawa. Waɗanda suka kafa wuraren nan ba wai sun gaji da wa'azi bane suka koma wankin gyambo.

Toh amma kar kaje musu da tarihi kawai, kaje musu da Ayyukan Manzanni sura 6, don can ne maganin rigimarku yake. Gunaguni ya tashi a ikilisiyar farko akan rabon abinci, ana tsallake gwaurayen wani ɓangare. Manzanni basuce abinci ba aikinmu bane ba, basu kuma ajiye wa'azi suka ɗauki mudu ba. Cewa sukayi a zaɓo mutum bakwai masu kyakkyawar shaida su riƙe wannan, mu mu riƙe addu'a da Magana. Kaga kowa ya samu nasa. Kace wa Baba Fasto, Baba ba muna so mu ɗora maka kaya bane, so muke mu sauke maka, don yanzu haka duk mai yunwa ƙofarka yake bugawa da dare, kuma daga ɗan albashinka kake cirewa. Ka gwada faɗin haka kaga yadda fuskarsa zata canza. Nasan wannan bugun ƙofar, buhun masarar gidana ya sha shi.

Hatsin nan kuwa kar ku sayar. Ka san yadda abin yake, da kaka manomi na sayarwa da araha saboda kuɗin makaranta da bashin taki da hidimar Kirsimeti, Yuli da Agusta nayi rumbu ya ƙare ga aikin gona ya taso, sai ya koma kasuwa ya sayi masarar da shi ya noma da tsada, ko yaci bashin buhu ɗaya ya biya biyu da kaka. Abinda zakuyi shine rumbun ikilisiya, a Nijar sun daɗe sunayi a ƙauyuka suna ce masa bankin cimaka. Ku shanya hatsin ya bushe ƙarau, ku zuba a buhun PICS ɗin nan mai leda biyu a ciki wanda ƙwari ke mutuwa ba sai an sa magani ba, ku ɗora kan katako kar ya taɓa ƙasa. Kwaɗo biyu a ƙofa, makullan a hannun mutum biyu daban, kuma kar ko ɗaya ya zama a gidan fasto, ba don ana zarginsa ba, don ku rufa masa asiri daga bakin mutane. A cikin masu riƙon ku sa mata aƙalla biyu daga zumuntar mata, su suka san gidan da hayaƙi bai tashi ba yau, maza sai a kwana uku basu lura ba. Kar a buɗe sai damina tayi tsakiya. Mai ɗan hali a sayar masa a farashin kaka, mai gona a bashi rance ya mayar da ɗan ƙari kaɗan don cike asara, tsohuwa da mara lafiya a basu kyauta kuma kar a rubuta a littafin bashi. Duk ƙarshen shekara a karanta lissafi gaban jama'a, buhu nawa ya shiga nawa ya fita, ba tare da kiran sunan kowa ba. Kuma in gaya maka tun yanzu, shekarar farko akwai wanda bazai biya ba kuma zai zama ƙanin wani dattijo ne, ku yanke abinda za'ayi da irinsa tun kafin a buɗe ƙofa.

Fanfo kuma ku fara tambaya waye ya haƙa, me ya lalace, me yasa shekara guda ba wanda ya taɓa. Sau da yawa ɗan ƙaramin abu ne a ciki, abinda babu shine mai cewa nawa ne. In kun gyara baku zauna da mai unguwa an sa masu kula da ɗan asusun gyara ba, watan shida zaku dawo inda kuke. Tayil zai jira, siminti bai hana kowa durƙuso ba. Sifika kam in nice ma ragewa zanyi, maƙwabta nada jarirai.

TAMBAYA: Mama ina gaisuwa. Ni malamar firamare ce a Funtuwa, layinmu gidan Kirista uku ne kawai sauran duk Musulmi, kuma muna zaman lafiya. Akwai gidaje biyu da nasan suna cikin wani hali, ɗaya mijin ya rasu ɗaya kuma yana kwance. Inaso zumuntarmu ta taimaka amma ina tsoro kar ace muna sayen mutane da abinci. Wani ɗan'uwa kuma a cocinmu yace in zamu bada toh dole su fara zama suji bishara in ba haka ba asara ce. Ya zanyi?

AMSA: 'Yata, ɗan'uwan nan naku ki gaishe shi, kice Mama tace abinda yake kwatantawa sunansa ƙugiya, an sa mata tana. Kifi ma in ya tsira sau ɗaya baya sake zuwa. Mai yunwa zai zauna ya saurareka, zai ma ce amin in amin ɗin ce zata kawo mudun shinkafa, amma a ransa ya riga ya san ciniki kukeyi, kuma daga ranar duk alherin da wani Kirista zai masa sai ya leƙa ƙarƙashi yaga ina ƙarfen yake. Kutare goma Yesu ya warkar a Luka 17, ɗaya tak ya dawo godiya, baki taɓa karanta inda ya maida wa taran kuturtarsu ba.

Bari in baki wani labari na gaske daga Maraɗi. Wani ma'aikacin mishan na SIM ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya sha wahalar dasa itatuwa suna mutuwa, sai a 1983 ya lura ashe 'yan tsirran da manoma ke sassabewa duk shekara ba ciyawa bace, toho ne daga kututturen manyan itatuwan da aka sare, saiwarsu na nan da rai a ƙasa. In ka bar reshe kaɗan masu ƙarfi ka datse sauran, itace zai dawo. A 1984 akayi fari da yunwa, sai aka haɗa abin da rabon abinci, ka bar toho a gonarka a baka hatsi. Mutane suka bari kam, dubbai. Rabon abinci na ƙarewa da yawansu suka ɗauki gatari suka share abinsu. Kinga abinda aka yi don hatsi tare da hatsin ya tafi. Waɗanda suka bar nasu ne suka fara ganin itacen girki a kusa, ga ganyen dabbobi, ga iska ta daina binne shuka da yashi, maƙwabci ya gani da idonsa ya kwaikwaya ba wanda ya bashi ko tiya ɗaya. Shine sassabin zamani da kikeji, yau ana maganar hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a Nijar. Yawancin manoman nan Musulmi ne kuma suna nan a Musulminsu, gawo ya dawo gonakinsu, yaransu sun ci. Ni a wurina wannan ba asara bace ko kaɗan.

Toh ke abinda zakiyi, ki shiga ta ƙofa kar ki haura katanga. Gidan da aka yi rasuwa ai kin riga kinje gaisuwa, ki koma a matsayin maƙwabciya, ke da mace ɗaya kawai, ba tawagar zumunta da anko da waƙa ba. Ki zauna ki tambayeta me yafi damunta, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kina iya kai shinkafa alhali kuɗin jarabawar ɗanta ne ya hanata barci. In abin ya girma har zai shafi layi gaba ɗaya, kamar kwashe kwata ko lesin na yara da yamma tunda ke malama ce, toh mazajenku su fara gaida mai unguwa da liman su faɗi abinda ake so ayi. Yaran mutane kuma kar a tarasu a koya musu waƙar coci iyayensu basu sani ba, wannan cin amana ne ko da wace niyya akayi. In lissafi kikace zaki koyar toh lissafin ki koyar.

Ban ce ki ɓoye ko ke wacece ba fa. Sun san ke Kirista ce tun ranar da kika tare. In wata ta tambayeki me yasa kike wannan, ki faɗa mata gaskiya, Yesu ne ya koya miki. In kinga tana kuka kice zan sa ki a addu'a, ban taɓa ganin wadda ta ƙi ba. Da Kirsimeti ki bada dabbarki mahauci Musulmi ya yanka don kowa yaci da kwanciyar rai, iyayenmu haka sukeyi. Kuma ki iya karɓa, in an aiko miki naman layya ko kunun buɗa baki ki karɓa da hannu biyu, wanda kullum shi ke bayarwa baya karɓa ba maƙwabci bane, ubangida ne. Kar mu ɗauka mu kaɗai aka baiwa alheri. A watan Yuni 2018 a ƙauyen Nghar na Barikin Ladi a jihar Filato, Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye mutum 262 yawancinsu Kirista a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa gaban masu bindiga, bai tambayi kowa kalmar shahada ba kafin ya buɗe.

TAMBAYA: Mama ni ɗan keke ne a Kaduna, keken ma ba nawa bane balas nake kaiwa. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 abinda nake samu daga hannu sai baki. Duk sanda akayi wa'azin taimako sai inji kunya don banda abin bayarwa.

AMSA: Ɗana kai da kake da ƙafa uku kake cewa baka da komai? Shekarun da nayi a ɗakin haihuwa, matan da muka rasa da yawansu ba rashin magani ne ya kashesu ba, isowa ce basuyi da wuri ba, naƙuda ta tashi ƙarfe biyun dare jini ya ɓalle ana yawon neman mota gida gida. Kaje wurin shugabar zumuntar mata da ungozomar unguwarku ka basu lambarka, kace duk mai ciki a layin nan ko wacece in abu ya tashi da dare a kirani, a biya kuɗin mai kawai in akwai. Ka gaya wa mai keken tukuna kar ya zama rigima. Na biyu jini. In kana da lafiya kana iya bada leda ɗaya duk bayan wata uku ba abinda zai sameka, ka tara abokanka na matasa kuje a gwada rukunin jinin kowa a rubuta a littafi ɗaya, ranar da ake nema ba sai an shiga rediyo ba. Waɗannan biyun ko mai jif bai fika iyawa ba.

TAMBAYA: Mama ki taimakeni da shawara. Ɗana shekararsa 24, ya faɗa shaye shaye, tiramol da su maganin tari, yanzu har yana magana shi kaɗai baya barci. Mun kaishi asibiti an bashi magani ya fara sauƙi, sai aka kaimu wani gidan addu'a mai wurin yace aljanu ne, a zubar da maganin don shan magani rashin bangaskiya ne, a barshi wurinsu yayi azumi. Naga wasu a can da sarƙa a ƙafa. A cocinmu kuma kunya ta hanani faɗa wa kowa.

AMSA: 'Yar'uwata, kar ki zubar da ƙwaya ko ɗaya, kar kuma ki bar yaron nan ya kwana a wurin da kika ga sarƙa. Wannan bana sassauta murya akai. Maganin ƙwaƙwalwa in aka yanke shi farat ɗaya ciwon dawowa yake fiye da da, haka na farfaɗiya, haka na hawan jini da suga da na ƙanjamau, na tarin fuka kuma in ba'a cika wata shidan ba ƙwayar cutar taurin kai take ƙarawa. Na rufe idon mutanen da aka cewa sun warke su daina sha, masu faɗin haka kuma ko jana'iza basa zuwa. Ki maidashi wurin likitan da ya fara ganinsa, in abin yafi ƙarfinsu akwai asibitocin ƙwaƙwalwa, Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Dawanau a Kano, da na Maiduguri. Gwamnati ta hana maganin tari mai kodin tun 2018 amma ke da ni mun san bai ɓace daga lungu ba, don haka ki sa ido kan abokai da kuɗin da ke shiga hannunsa.

Addu'a kuwa ki ƙara ma akan wadda kikeyi. Wa yace ɗaya na korar ɗaya? Luka da ya rubuta bishara likita ne, Bulus bai ce masa ya tuba ya bar sana'ar ba. Ki karanta 1 Sarakuna 19, Iliya annabi guda ya kwanta ƙarƙashin itace yace ya isa haka Allah ya ɗauki ransa. Mala'ika bai fara da faɗa ba, tashinsa yayi yace ci, ga gurasa ga tulun ruwa, ya koma barci, aka sake tashinsa yaci, sai daga baya Allah yayi magana dashi a dutse.

Maganar kunya ce tafi taɓani, kuma nan laifinmu ne mu ikilisiya. Mun iya kai kwano gidan mai zazzaɓi amma mai ciwon kai irin wannan sai muyi ta raɗa a bayan majami'a. Ki zaɓi mace ɗaya mai riƙe sirri da dattijo ɗaya ki faɗa musu. Ku kuma masu karatu in uwa irin wannan tazo muku, abinda take buƙata wanda zai rakata asibiti ranar ganin likita, wanda zai zauna da yaron awa biyu tayi barci, da saurayi ɗaya ko biyu da zasu riƙa jansa ƙwallo ko wurin aiki kar ya koma majalisar da ya baro. Ba sai kunzo da bayanin dalilin da yasa Allah ya bari ba. Abokan Ayuba kwana bakwai suna zaune shiru tare dashi lafiya lau, ranar da suka buɗe baki ne suka ɓata.

TAMBAYA: Mama mijina ya rasu shekara uku kenan ya barni da yara huɗu duk mata. Duk Disamba cocinmu na kiran gwauraye gaba a bamu atamfa da shinkafa a ɗauki hoto a sa a Facebook. Ina godiya Allah ya gani, amma ranar nan bana iya ɗaga kai, babbar 'yata har ta daina zuwa sujadar. Abinda ke damuna na gaske shine 'yan'uwan mijina sun karɓe gonar da muke ci wai banda ɗa namiji, kuma babban cikinsu dattijo ne a cocin. Ko ni ce banda godiya?

AMSA: Ba rashin godiya bane 'yata, mutunci ne, kuma dashi aka halicceki. Na karanta wasiƙarki sau uku, na kuma tuna ni kaina na taɓa tsayawa ina miƙa atamfar nan ana tafi, ban taɓa tambayar kaina yaya mai karɓa takeji ba sai da wata ta faɗa min a bayan gida tana hawaye. Ku shugabanni da kuke karanta wannan, Matiyu 6 bata da wuyar fahimta, hagu kar ta san abinda dama tayi, balle Facebook. In masu bada kuɗi na son shaida ku ɗauki hoton buhunan da rasit. Kayan a kai gida da yamma, mutum biyu, a zauna a sha ruwa a tambayi lafiyar yara.

Gonar kuwa itace ainihin maganar. Ikilisiyar da zata baki mudu biyar a Disamba tayi shiru akan gonar da ke baki buhu goma, ta ɗauki mai sauƙin ne ta bar mai nauyin. Ishaya 1:17 cewa yayi a tsaya wa gwauruwa a shari'arta. Kije wurin fasto ke da shugabar zumuntar mata, kar kije ke kaɗai, ki faɗa masa kamar yadda kika faɗa min, ki roƙa a zauna da dattawa kuma shi wanda abin ya shafa ya zauna a matsayin wanda ake ƙara, ba cikin masu yanke magana ba. In faston ku yaji nauyinsa, akwai na sama dashi a gunduma, ki kai can, ba rashin kunya bane. Kafin nan ki tattara duk abinda kike dashi, takardar aure, takardar gona in akwai, da maƙwabtan gona da suka san ke da mijinki kuke nomanta, ki kuma sanar da mai gari.

In duk an bi ta lalama abin ya ƙi, doka na gefenki. A 2014 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a wata shari'a daga jihar Anambra, ta yi watsi da al'adar da ke raba mace da dukiyar mijinta don bata haifi namiji ba. Ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA da hukumar bada agajin shari'a ta gwamnati suna karɓar irin wannan ba sai kina da kuɗin lauya ba, ki nemi ofishinsu a babban birnin jiharku. Babbar 'yarki kuma kar ki matsa mata akan sujadar Disamba, ki barta, abinda ta gani gaskiya ta gani. Ki sake rubuto min bayan zaman dattawan, inaso inji wa zai shuka gonar nan bana.